Jakunan da Gwaggo Ta Tsinta a Bakin Hanya

Gidan gwaggona shi ne na ƙarshe a garinmu ta wajen gabas, in an nufi Dogarawa. Daga ƙofarta ana hango gudiro, babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta ratsa Malbaza, kuma duk ɗan amalanken da ya ɗauko albasa daga garake, wato lambuna, zuwa tasha sai ya bi ta gefen dangarta. Ƙanwar mahaifina ce. Tun ina yaro na san ta da sana'ar fura, doguwar mace marar yawan magana, wadda in dariya ta kama ta sai ta rufe baki da gefen mayafi. Mijinta ɗan amalanke ne. Ya daɗe yana dakon albasa da itace da bulo, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi ya rasu. A lokacin 'ya'yanta mata duk suna gidajen mazajensu, ɗanta namiji guda ne ya rage a gidan, shi da matarsa da yaransu.

Ni aikin koyarwa nake yi a wata lakwal ta wajen Illela, sai an yi hutu nake zuwa gida. A wani hutun ne, cikin zafin bazara, ina zaune gindin itacen bedi da abokai sai ga Gwaggo ta dawo daga tallar fura, ƙwarya a ka. Ba ta sauke ba ta ce, “Mushe, taso ka kama mini wani aiki.” Haka take kirana tun da na fara koyarwa, wato malam da faransanci, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na bi ta har bakin gudiro. A cikin kwarin da ke gefen hanya wani jaki ne kwance. Bayansa ya tsage, mikin ya kai faɗin tafin hannu biyu, ƙudaje sun rufe shi, ƙafar gaba ɗaya ta kumbura. An kwance masa kayan ɗauri an tafi da su. Ungulaye sun riga sun sauka a kan wata ƙirya da ke kusa suna jira. Masu shayi na bakin hanya suka ce mai shi mutumin wani ƙauye ne, jakin ya faɗi da lodi tun safe, ya yi ta dukansa bai tashi ba, sai ya nemo wani jakin ya ɗaura, ya ce wannan ya bar wa Allah.

Gwaggo ta sa na jawo tsohon amalanken mijinta da ke jingine a bayan ɗaki. Muka roƙi samari suka taya mu ɗaga jakin muka aza shi a kai. Babu dabbar da za ta ja, don haka mu muka ja. Mutanen tasha suka yi ta dariya, wai yau sun ga jaki a kan amalanke mutane na ja. Ni kaina kunya ta kama ni, malamin lakwal guda da riga fara. Ita ko a jikinta. Tana tafe a gefe tana kore ƙudaje da reshen bedi har muka shiga gida.

Kafin ta taɓa mikin sai da ta je wurin mai gari ta faɗa masa abin da ta yi, ta ce a aika wa mai jakin a ji ta bakinsa a gaban shaidu, don kada gobe a ce ta ɗauki dukiyar wani. Mutumin ya aiko cewa ya yafe, in ya mutu ma ita za ta sha wahalar jan mushe. Da yamma na tambaye ta abin da ya kai ta ga wannan ɗawainiya. Tana dama dusa a tsohuwar tasa ta ce, “Duk abin da munka ci a gidan ga, har kuɗin littattafan da maigidana ya taɓa saya maka, bayan jaki ya kawo shi.”

Jakin bai mutu ba. Da na dawo hutu na gaba na same shi tsaye a turke yana cin kara, bayan ya rufe da tabo fari. Na kuma sami wasu biyu a gefensa. Labari ya bazu cewa akwai tsohuwar da ke karɓar jakin da aka fid da rai da shi, sai aka fara kawo mata. Wani a kawo shi da rana a yi sallama, wani kuwa sai ta tashi da safe ta tarar an ɗaure shi a jikin danga an tafi. Ba jakuna kaɗai ba. Wani Bafillace da ke wucewa da garke ya bar mata tunkiyar da ta karye. An kawo akuyar da ta ci leda cikinta ya kumbura. Har shamuwa ta taɓa jinya a gidan, iska ta jefo ta daga sheƙa fiffike ya karye, ta yi damana guda tana yawo a tsakar gida tana tsorata kaji. Amma yawanci jakunan amalanke ne da na ɗiban ruwa, masu miki a baya da ƙirji, inda itace da igiya ke gurzar fata.

Filin da ke bayan gidan, inda a da ake shanya dawa, shi ta kewaye da kara ta mayar garke. Na yi kwana biyu ina kallon aikin, kuma wanda bai gani ba zai ɗauka ɗaure dabba ne kawai a zuba mata ci. Da hantsi ake fara jan ruwa daga rijiyar unguwa, a cika kwamin shayar da dabbobi. Sai a bi dabbobin ɗaya bayan ɗaya. A wanke miki, a fitar da tsutsa da ɗan tsinke, a cire kaska daga kunne da ƙarƙashin wutsiya. Wanda ba ya iya tashi a juya shi don kada gefen da ya kwanta a kai ya ruɓe. Wanda haƙoransa suka ƙare a jiƙa masa dusa da ɗan kanwa. A share kashi a tara gefe. Duk wannan tana yi ne tsakanin dakan fura da kai ta tasha. Da la'asar kuma ta zauna ƙofar gida da basilla da tsofaffin buhuna da tsummoki tana ɗinka akumari, wato matashin da ake sa wa jaki a baya kafin a aza kaya. In ɗan amalanke ya zo wucewa sai ta tsayar da shi, ta ɗaga abin da ya shimfiɗa wa jakinsa ta duba, in ta ga fata ta fara saɓulewa ta miƙa masa sabo. Wasu su karɓa da godiya, wasu su karɓa suna gunaguni.

A shekara ta biyu ko ta uku ne likitan dabbobi ya shigo cikin lamarin. Dattijo ne mutumin gabas, daga wajen Damagaram, wanda ya yi aikin ma'aikatar kiwo a Illela da Ƙonni har ya yi ritaya, ya gina gida a Malbaza ya zauna. Ya ji labarin ne a kasuwa, ya hau tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu ya zo ya gani. Ina nan ranar. Ya zaga garken hannu a baya har ya iso kan wani jaki da aka shafe bayansa da baƙin mai na inji. Ya tambaya wa ya sa wannan. Gwaggo ta ce ita ce, haka mijinta ke yi, haka kowa ke yi, yana korar ƙuda. Ya ce gaskiya yana korar ƙuda, amma yana cin naman da ke son tohowa. Ta ce jakunan da ta warkar da shi suna nan tsaye, ya ƙirga. Ya ce sun warke ne don tana wankewa kullum tana ba su ci, ba don man ba.

Ba ta ji daɗi ba, na ga fuskarta. Amma da ya koma mako na gaba da kwalbar jan magani da auduga, ya nuna mata yadda ake wanki da ruwan gishiri da aka tafasa, sai ta ce a gwada a kan ɗaya a gani. Ba a daɗe ba baƙin mai ya bar gidan. Shi ya hana ta yin lalas da ƙarfe mai zafi a kan kumburi, shi ya koya mata gyaran kofato da ɗaurin karaya. Ita kuma ta san halin kowane jaki, wanda ke harbi da wanda ke cizo, ta san yadda za ta riƙe kunne ta yi magana ƙasa-ƙasa har a gama allura. Tana kiransa Likita, shi kuma yana kiranta Gwaggo kamar yadda duk gari ke yi, ko da yake bai fi ta ƙuruciya da yawa ba. Kullum suna cikin musu. Bai taɓa karɓar ladan aikinsa ba. Ko man moto ta ce za ta saya masa sai ya ce ta dama masa fura mai nono da yawa, sun rabu.

Abin da ba a gani daga waje shi ne cin da garken ke yi. Jakin da ke aiki yana ciyar da kansa, wanda ke jinya kuwa sai an ciyar da shi. Ana bukatar harawa da kara da dusa, ana bukatar gishiri da kanwa, igiya tana tsinkewa, rumfa tana zuba duk damana. Magani kuma Likita ba ya ƙera shi, saye yake a Ƙonni, maganin tsutsar ciki da na miki da allurai. Ribar fura ce ke ɗaukar duk wannan, da ɗan abin da surukanta ke aiko mata, da abin da nake bari in na zo. A shekarun da damana ta yi kyau abin yana tafiya, don bayan girbi maƙwabta kan ce ta aiko a kwashi kara a gonakinsu.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Wake bai yi ba, don haka harawa ta zama abin da ake ɓoyewa a kan rufin ɗaki kamar hatsi. Tun kafin tsakiyar rani makiyaya suka share abin da ya rage a daji. A irin wannan shekara ne kuma aka fi yar da dabbobi, don wanda bai iya ciyar da iyalinsa ba ba zai ciyar da gurgun jaki ba. Da na zo hutu na tarar garken ya cika, jakuna sun haura goma, duk haƙarƙari a waje. Gwaggo ma ta rame.

A kwanakin ne wani baƙo ya zo, mutum mai fara'a da tsabtar tufafi. Ya gaida Gwaggo da ladabi, ya ce ya ji irin wahalar da take sha, ya zo ya rage mata. Zai sayi tsofaffin da guragun da ba za su sake aiki ba, da daraja mai kyau, ya kawo mota ya kwashe. Kowa ya san inda ake kai irin waɗannan, ana tsallaka iyaka da su don fatarsu, ko da yake hukuma ta hana. Gwaggo ta kawo masa ruwa da fura, ta bari ya sha, sannan ta ce masa ba na sayarwa ba ne. Ya ce ta yi tunani, zai sake biyowa.

Bayan ya tafi ɗanta ya yi magana, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce rumbu ya yi ƙasa, yara suna nan, damana da sauran nisa. Ya ce waɗannan dabbobi in ba a sayar ba yunwa ce za ta kashe su a turke, a yi asarar su a yi asarar abin da suka ci. Bai ɗaga murya ba, durƙushe yake a gabanta yana magana yana kallon ƙasa. Ta saurare shi har ya gama.

“Ka yi gaskiya wajen rumbu,” ta ce. “Daga yau ko zangarniya guda ba ta fita daga cikinai saboda jaki, na ɗaukar maka wannan. Amma waɗanga, mutane sunka kawo su nan don sun san ba a yanka su. In na sayar, na ci amanar da ba a ma roƙe ni in riƙe ba.”

Ta cika alkawarin rumbu. Awakinta na kanta ta sayar, sannan ta bi da kwanonin jerenta da ta adana tun na aure, ta sayi kara da dusa. Likita ne ya faɗa mata maganar da ni na kasa faɗa. Ya ce in ta ci gaba da karɓar duk wanda aka kawo, za ta tara su ne su mutu tare, wannan kuwa ba tausayi ba ne. Ya ce ta rufe ƙofa haka nan. Sun yi musu mai tsawo, daga baya ta yarda. Washegari kuwa wani mutum ya jawo jaka mai ciwon ƙirji, Gwaggo ta wanke mikin a ƙofar gida, ta sa magani, ta ba shi akumari, ta ce ya koma da ita gida ya hutar da ita, ya riƙa kawo ta ana wankewa. Ta tsaya tana kallonsu har suka sha kwana. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Likita ya ce in rubuta takardar neman taimako da faransanci, tunda aikina ne. Na rubuta, na faɗi abin da ake yi da abin da ake bukata: abincin dabbobi na watannin rani, magani, rumfa mai kwano, da rijiya in da hali. Muka shiga motar haya ni da Gwaggo muka kai wani buro, wato ofis, daga nan aka tura mu wani. An karɓe mu da mutunci. Wani ma'aikaci ya karanta har ƙarshe, ya ce abin ya burge shi, amma a bana duk abin da ke hannunsu na mutane ne da shanu da tumaki, babu inda aka rubuta jaki. Ya yi ƙoƙari ya haɗa mu da wani abokin aikinsa da ya ba mu kwalin maganin tsutsar ciki. A hanyar dawowa na yi ta ɓacin rai, ita kuwa ta rungume kwalin a cinya ta ce mutumin bai yi ƙarya ba, mutane ne gaba.

Kafin mu kai ga mafita jakuna biyu suka mutu, tsofaffi ne ƙwarai. Ɗanta da ya ce a sayar, shi ya ja su zuwa bayan gari ya haƙa rami ya binne, don kada masu fata su bi su.

Ranar kasuwa ta ce in raka ta. Na ɗauka dusa za mu saya, sai na ga ta nufi inda 'yan amalanke ke taruwa a ƙarƙashin itatuwa, jakunansu a ɗaure suna jiran lodi. Mace ba ta cika shiga wurin ba. Sarkin 'yan amalanke, wanda a hannun mijinta ya koyi sana'ar, ya tashi da sauri ya ba ta benci yana cewa, “Inna, da kin aiko ai da na zo.” Ta ce a'a, maganar ta kowa ce, gara kowa ya ji. Mutane suka matso.

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a gaban maza ba sai ranar. Ba ta roƙa ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta ce jakunan da ke gidanta ba daga sama suka faɗo ba, daga wannan inuwar suka fito, kuma ta san mai kowane ɗaya ko da ba za ta faɗa ba. Wasu suka sunkuyar da kai. Ta ce ita ta tsufa, abin sayarwarta ya ƙare.

“Ban ce ku ba ni kuɗi ba, Sarki, na san babu. Amma kowa a nan yana sayen abin da jakinai zai ci. In kun zo wucewa ta ƙofata, ku jefa mini abin da hannu ɗaya ya ɗauka. Wanda jakinai ya ji ciwo ya kawo a wanke tun miki yana ƙarami, kada ya jira sai ya faɗi.”

Wani daga bayan taron ya ce su da ke fama da cikinsu ina suka ga na ba jakin da ba ya aiki. Sarkin ya juya ya tambaye shi akumarin da ke bayan jakinsa wa ya ɗinka. Aka yi dariya, mutumin ma ya yi. Sarkin ya ce shi ba zai tilasta wa kowa ba, amma shi daga gobe zai fara.

Ba kowa ya bi ba, kuma ba kullum ba. Amma daga ranar, in amalanke ya zo wucewa sai ka ji an jefo wani abu ta kan danga: ɗan damin kara, guntun harawa, wani lokaci ganyen da aka share a garka. Sai wani mai garkar albasa da ya ji maganar a kasuwa ya zo ya ga tulin takin da aka daɗe ana tarawa a gefen garke. Ya ce a ba shi, shi kuma ya kawo dusa da ciyawar da ake cirewa a bakin kwalbatin ban-ruwa. Wasu masu garake suka bi sahu, har takin ya zama ana layi a kansa. Liman ya yi magana a kan haƙƙin dabba bayan sallar Juma'a, bai ambaci kowa ba, amma a makon matan unguwa suka fara aiko da ƙaiƙayi da ruwan tsari. Ni kuma na ɗauki hotuna da waya na tura wa 'yan garinmu da ke ci-rani a ƙasashen kudu. Wasu sun mayar da abin wasa, suna tambaya ko jakunan ma za a yi musu katin zaɓe. Amma su ɗin ne suka haɗa abin da aka sayi kwano aka rufe rabin rumfar.

Da haka aka kai damana. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ba na gari, matar ɗanta ce ta kira ni ta ce jakuna sun fita tsakiyar garke suna birgima a laka, Gwaggo kuma ta zauna bakin rumfa ta ƙi shiga ɗaki. Baƙon nan mai sayen jakuna ya sake biyowa sau ɗaya, aka ba shi ruwa ya sha ya wuce.

Yanzu aikin ya sauya kama. Yawancin jakunan ba sa kwana, da safe ake kawo su a wanke miki a koma da su, sai wanda ya yi tsanani ake riƙewa. Gwiwoyin Gwaggo sun fara ba ta wahala, durƙuso ya gagare ta, don haka matar ɗanta ce ke wankin, ita tana zaune a kujera 'yar tsugune tana nuni da sanda. Likita ya ce hannun matar ya fi na su biyun sauƙi. Shi ma ya rage zuwa, idonsa ba ya son hasken hanya, amma yana aiko da magani ta hannun direbobi. Bukata ba ta ƙare ba. Har yau daga rijiyar unguwa ake jan ruwa, in rani ya yi nisa sai an yi layi da masu ɗiban na sha, abin da Gwaggo ba ta so ko kaɗan. Rabin rumfa yana nan da kara. Magani kullum ƙara tsada yake, kuma duk shekarar da damana ta yi gardama za a koma cikin tsoro. Na sake rubuta takardu, ina jiran amsa.

Jakunan da suka warke sarai ba ta sayar da su. Aro take bayarwa, ga wanda ta ga yana bukata kuma ta yarda da hannunsa. A zuwana na baya-bayan nan na tarar da wata mata daga wani ƙauye na kusa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana ɗiban ruwa a ka tana sayarwa. Gwaggo ta sa aka kwanto mata wata jaka ja mai tabo a kafaɗa. Kafin ta miƙa igiyar sai da ta jera mata sharuɗɗa: jarka kaɗan a kowane sawu, ba duka da itace, a sauke kaya in rana ta take, a cire akumari da yamma a duba baya. In ta haihu ɗan na matar ne, uwar kuwa in ta tsufa a dawo da ita nan.

Matar ta ce ta ji ta yarda, ta yi ta godiya. Gwaggo ta ce ta bar godiya, ta riƙe igiyar da kyau don jakar tana tsoron moto. Ta dogara sanda ta raka su har bakin danga, ta ce ranar Juma'a za ta sa a kai ta ƙauyen ta ga bayan jakar da idonta. Matar ta ce ai da nisa, ga ciwon ƙafa. Gwaggo ta ce a dafa mata ruwan zafi kawai na gasa ƙafar, tana nan zuwa.